Guduma da Takarda: Yadda Jihohin Amurka Ke Tace Masu Gyaran Gida

A watan Disamba na 1999, wani kamfanin kafa ƙarafan gini mai suna MW Erectors ya fara aiki a otal ɗin Grand Californian na Disney da ake ginawa a Anaheim, jihar Kalifoniya. Ma'aikatansa sun hau aiki ranar 3 ga wata, lasisin da jihar ke bai wa masu wannan sana'a kuwa bai fito ba sai ranar 21. Kwana 18 ke nan tsakani. Da rikicin kuɗi ya taso daga baya, kamfanin ya garzaya kotu yana neman kimanin dala 955,000 da ya ce yana bi a kan wannan kwangila. A 2005 Kotun Ƙolin jihar ta ce ba shi da ko sisi. Hukuncin bai rataya a kan kyau ko munin aikin ba. Alƙalan sashe na 7031 na dokar kasuwanci da sana'o'i ta jihar suka duba, wanda ya ce ɗan kwangilar da bai riƙe lasisi ba tun daga ranar farko ta aiki har ta ƙarshe, ba shi da bakin neman kuɗinsa a kotu.

Sashen bai tsaya nan ba. A 2001 majalisar jihar ta ƙara masa kaifi: wanda ya ba marar lasisi aiki yana iya kai shi ƙara ya karɓe duk abin da ya biya shi, ko da an gama aikin, ko da ya yi kyau, kai ko da tun farko ya san mutumin ba shi da takarda. Mai gida ya tashi da sabon kicin, ya kuma tashi da kuɗinsa.

Wannan magini da Kalifoniya za ta tsiyata, in ya ɗauki kayan aikinsa ya koma Teksas, gobe yana iya buga kati ya kira kansa ɗan kwangilar gini, ya karɓi aikin gida sukutum, gwamnatin jiha ba za ta tambaye shi ko takarda ɗaya ba. Ƙasa ɗaya, kuɗi ɗaya, amma babu wani abu wai shi lasisin gini na Amurka. Tsarin mulkin ƙasar ya bar irin wannan iko a hannun jihohi, kuma tun 1889, a shari'ar wani likita da jihar West Virginia, Kotun Ƙolin tarayya ta amince cewa jiha na da hurumin hana mutum sana'a sai ya cika sharaɗi. Gwamnatin tarayya ba ta cika tsoma baki ba sai a 'yan wurare, kamar dokar da ta fara aiki a 2010 wadda ta ce mai gyaran gidan da aka gina kafin 1978 sai ya sami horo kan gubar dalmar da ke cikin tsohon fenti. Sauran duka, kowace jiha da nata kiɗan.

Dogon layi a Kalifoniya

Hukumar lasisin 'yan kwangila ta Kalifoniya, wadda ake taƙaita sunanta da CSLB, an kafa ta a 1929, hedikwatarta a Sacramento. Tana kula da masu lasisi kusan 290,000. Ta kasa sana'ar gini gida fiye da arba'in: rukunin A na manyan ayyukan injiniya, irin su hanya da gada, rukunin B na gini gaba ɗaya, sai rukunin C, inda kowace sana'a ke da lambarta. Mai wayarin lantarki C-10 ne, mai aikin famfo C-36, mai rufi C-39, mai fenti C-33. A 2021 aka ƙirƙiro B-2 domin masu yi wa gidajen zama kwaskwarima.

Mai nema sai ya nuna ya yi shekara huɗu cur yana aikin a matsayin wanda ya ƙware, ba yaron shago ba, cikin shekaru goma da suka wuce, kuma wani da ya ga aikinsa da idonsa ya sa hannu ya shaide shi. Karatun kwaleji ko na koyon sana'a na iya rage masa har shekara uku. Daga nan a ɗauki zanen yatsunsa a bincika ko ya taɓa yin laifi, ya zauna jarrabawa biyu, ɗaya kan sana'ar, ɗaya kan doka da sha'anin kasuwanci. In ya ci, ya kawo takardar lamuni ta dala 25,000 daga kamfanin inshora. Kafin 2023 dala 15,000 ce. In yana da ma'aikata, ya yi musu inshorar rauni. Mai rufi kuwa dole ya yi wannan inshora ko shi kaɗai yake aiki, saboda faɗowa daga saman gida ba ta tambayar ko kai ne mai kamfani. Lambar lasisin sai ta fito a jikin tallansa, da kwantiraginsa, da motar aikinsa.

Wanda ya yi aiki ba lasisi, karon farko yana iya shan ɗaurin wata shida ko tarar dala 5,000 ko duka biyu. Karo na biyu, kwana 90 a gidan yari ba makawa. Hukumar tana da jami'an da ke ɗana tarko: su ari wani gida, su yi shigar masu gida, su bi tallace-tallacen intanet suna kiran masu fenti da masu kafa shinge da masu sare bishiya su zo su yanka farashi. Mutum ya zo da tef ɗinsa ya auna, ya faɗi kuɗi, sai a miƙa masa sammaci.

Igiya ce, ba shaidar gwaninta ba

Jarrabawar nan a gaban kwamfuta ake yin ta, tambaya da zaɓin amsa. Babu wanda zai ce da kafinta ya kafa ƙofa a gani, ko ya miƙa wa mai fenti buroshi. Mutum na iya cinye ta tas alhali in ya ɗora bulo sai ya karkace. Ingancin aiki wani ma'aikaci ne dabam ke duba shi, sufeton birni ko na gunduma, wanda ke zuwa bayan an yanki izinin gini ya leƙa waya da bututu kafin a rufe bango. Saboda haka duk wanda ya ɗauki lasisi a matsayin shaidar iya aiki, ya ɗora masa kayan da ba nasa ba.

A ganina amfanin lasisin yana wani wuri. Igiya ce da aka ɗaura wa ɗan kwangila a ƙugu, yadda in ya ci kuɗin mutane ya nemi yin layar zana, akwai ta inda za a janyo shi. Sunansa na gaskiya yana rubuce, adireshinsa yana nan, kowa na iya shiga shafin hukumar ya buga lambarsa ya ga ko lasisin na raye, ko an taɓa hukunta shi. Yana kuma da abin da zai yi asara in ya yi ha'inci. A garuruwan Hausa na da, irin wannan aiki Sarkin Magina ke yi, shi ya san wane ɗan wane ne a cikin magina, wurinsa ake kai ƙara in soro ya tsage. A ƙasar da mutum zai kwana a Nevada ya wayi gari a Oregon da sabon suna a jikin mota, rajista ce kawai za ta iya tsayawa a wannan matsayi.

Shi ya sa ƙa'idojin da suka fi yi wa mai gida rana su ne waɗanda suka shafi kuɗi. Kowa ya san zancen: "Ranka ya daɗe, ba da rabi mu sayo kaya." Kalifoniya ta toshe wannan ƙofa. Kuɗin kafin alƙalami a aikin gyaran gida ba zai wuce kashi 10 cikin ɗari na kwangilar ba, ko dala 1,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Aikin dala 80,000 ma, dubu ɗaya ce iyaka, sauran kuɗi kuma ba za su riga aiki gaba ba. Wanda aka biyo har gida aka sa shi ya sa hannu yana da kwana uku na aiki ya janye, in ya kai shekara 65 kwana biyar. Maryland da Pennsylvania sun fi sassauci, sun yarda a karɓi har sulusin kuɗin.

Takardar lamunin nan ta dala 25,000 tana da daɗin ji, amma ba kowane mai ƙara ne zai sami wannan adadi ba. Tukunya ɗaya ce ga duk waɗanda ɗan kwangilar ya cuta. In ya karya gida goma kafin ya ɓace, su goma za su raba, a jihar da gyaran kicin da banɗaki kaɗai ke iya cinye ninkin wannan kuɗi. Maryland, wadda ta kafa hukumar kula da gyaran gidaje a 1962, ta bi wata hanya. Masu lasisi ne ke zuba kuɗi a wani asusu, wanda aka cuta ya kai kuka a biya shi har dala 30,000. Sharaɗin guda ne: sai in mai lasisi ne ya ba wa aikin. Wanda ya bi araha ya ɗauko marar takarda, ya sayi rariya da idonsa a buɗe.

Akwai ma hatsarin da mai gida bai cika tunawa da shi ba. A dokar Kalifoniya, marar lasisin da ka ɗauka aikin da ke buƙatar lasisi ana iya lissafa shi ma'aikacinka. In ya faɗo daga tsani ya karye, kuɗin asibitinsa na iya dawowa kanka.

Teksas da 'yan famfonta

Teksas ba ta ƙi lasisi gaba ɗaya ba, zaɓe ta yi. Mai lantarki, da mai na'urar sanyaya ɗaki, da mai famfo, duka sai da takardar jiha. Jihar ta san abin da bututu ke iya jawowa. Ranar 18 ga Maris 1937, iskar gas da ta tsiyaya ta taru a ƙarƙashin wata makaranta a New London ta fashe, ta hallaka kusan mutum 300, yawancinsu yara. Makarantar ta jona bututunta ne da layin ragowar gas na wani kamfanin mai don ta rage kashe kuɗi, kuma gas ɗin ba shi da wari. A wannan shekarar majalisa ta tilasta a riƙa zuba wa gas sinadari mai ɗoyi, ta kuma kafa rajistar injiniyoyi. Hukumar 'yan famfo ta biyo baya a 1947.

Amma mai gina gidan baki ɗaya, da mai rufa shi, ba su da lasisin jiha. Birane ne ke ɗan yi musu rajista. An kafa hukumar gine-ginen gidajen zama a 2003, aka yi ta zarginta da kare magina maimakon masu gida, a 2009 majalisa ta bar ta ta mutu. Batun rufi shi ne ya fi ba da mamaki, don Teksas na cikin jihohin da ƙanƙara ta fi yi wa ɓarna. Da zarar ta sauka ta farfasa rufi, sai motoci su cika unguwa, ana ƙwanƙwasa ƙofa gida-gida. An sha kai ƙudirin lasisin masu rufi majalisa yana faɗuwa, har ƙungiyar masu sana'ar ta ƙirƙiro nata na ganin dama.

A 2019 aka yi wani abin kallo. 'Yan majalisa suka kasa daidaitawa kan makomar hukumar 'yan famfo, zamansu ya ƙare ba su sabunta dokarta ba. Ma'ana daga watan Satumba kowa ma ɗan famfo ne. Waɗanda suka fi tayar da jijiyar wuya ba masu gidaje ba ne, 'yan famfon ne da kansu, suka yi dafifi a harabar majalisa da ke Austin. Gwamna Greg Abbott ya tsawaita ran hukumar da umarnin zartarwa, yana kafa hujja da gyare-gyaren da ba a gama ba bayan guguwar Harvey ta 2017. Shekara biyu bayan haka, a Fabrairun 2021, da matsanancin sanyi ya farfasa bututu a faɗin jihar, gwamnan nan dai shi ne ya sassauta ƙa'ida don 'yan famfon wasu jihohi su shigo su taimaka, saboda na gida sun yi kaɗan.

Wa shingen yake karewa?

Masu sukar lasisi a nan suke kafa ƙafa. Milton Friedman ya yi wannan zargi tun 1962, cewa 'yan sana'a ne ke neman a kewaye sana'arsu da shinge don kada a yi musu yawa farashi ya faɗi. Morris Kleiner na Jami'ar Minnesota ya shafe shekaru yana bin alƙaluman. Rahoton da fadar White House ta fitar a 2015, zamanin Obama, ya nuna cewa a farkon shekarun 1950 ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na ma'aikatan Amurka ke buƙatar lasisin jiha, zuwa lokacin rahoton kuwa sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan na cikin 'yan batutuwan da masu ra'ayin riƙau da na sauyi suke haɗuwa a kai.

Binciken da ya fi taɓa gyaran gida kai tsaye shi ne wanda Chiara Farronato da Andrey Fradkin da Bradley Larsen da Erik Brynjolfsson suka fitar a 2020. Sun duba wata babbar kasuwar intanet inda masu gida ke neman ma'aikata. Suka tarar alamar "yana da lasisi" ba ta cika sauya zaɓin mai gida ba, farashi da yabon waɗanda aka yi wa aiki a baya su ne ke jan hankali. A jihohin da sharuɗɗa suka fi tsauri, masu neman aikin sun fi ƙaranci, farashi ya fi tsada, gamsuwar masu gida kuwa ba ta ƙaru ba. Wani tsohon bincike na Sidney Carroll da Robert Gaston a 1981 ya gano abin da ya fi wannan ɗaci: inda aka tsaurara lasisin masu lantarki har suka yi ƙaranci, mutuwa ta hanyar jan wuta ta fi yawa. Bayanin da aka bayar shi ne, in gwani ya yi tsada, mai gida da kansa yake hawa tsani da sukundireba.

Ba na jin wannan ya isa hujjar a watsar da lasisi. Yabon intanet yana faɗa maka ko ma'aikaci ya zo kan lokaci, ko ya share wurin da ya ɓata. Ba ya faɗa maka ko wayar da ya binne a bango za ta kama wuta bayan shekara bakwai, don mai yabon ma bai sani ba. Lantarki, gas, ginshiƙin da ke ɗauke da bene, waɗannan kuskurensu a ɓoye yake kuma har maƙwabci yana shafa. Fenti fa? In ya yi muni, da rana tsaka kowa zai gani, kuma magani shi ne a sake shafawa. A ce sai mutum ya kawo shaidar shekara huɗu kafin ya yi wa wani fentin falo da sunan kansa, wannan kare masu fentin da suka riga shiga ne, ba kare mai falo ba. Jihohi da dama sun bi tsaka-tsaki. Pennsylvania tun 2009 rajista kawai take nema a ofishin babban lauyan jiha, da shaidar inshora, babu jarrabawa. North Carolina ba ta neman lasisin babban ɗan kwangila sai aiki ya kai dala 40,000.

Ranar da bala'i ya sauka

Tsarin ya fi nuna amfaninsa da aibinsa a lokaci guda, wato bayan bala'i. A lokacin ne 'yan damfara ke yin kasuwa, don mutum ya rasa rufi, ga cakin inshora a hannu, ga damina a kansa. Fulorida, wadda guguwar Andrew ta 1992 ta tona wa asirin gine-ginen algus, ta mai da aikin kwangila ba lasisi babban laifi in an yi shi lokacin dokar ta-ɓaci. Kalifoniya ma haka take yi a yankunan da aka ayyana bala'i, kuma bayan gobarar Los Angeles ta Janairun 2025, wadda ta cinye gine-gine fiye da 16,000, jami'an hukumar sun bi unguwannin da suka ƙone suna kafa allunan gargaɗi.

Sai dai dokar ba ta bambance ɓarawo da baƙo. Bayan guguwar Ian a 2022, an kama wani mai kamfanin rufi daga Teksas a gundumar Charlotte ta Fulorida saboda ya karɓi aiki ba shi da lasisin jihar, a daidai lokacin da dubban gidaje ke lulluɓe da tamfol suna jiran mai gyara. Jiharsa ba ta ba da lasisin rufi, balle ya nuna. Wasu jihohi sun fara rage wannan katanga. Arizona ce ta buɗe hanya a 2019, lokacin Gwamna Doug Ducey, da dokar da ta ce wanda ya koma jihar da zama riƙe da lasisin wata jiha na aƙalla shekara ɗaya, a karɓe shi. Akwai kuma jarrabawar bai-ɗaya ta ƙungiyar hukumomin lasisi, NASCLA, da jihohi fiye da goma ke amincewa da ita, ko da yake kowace jiha na nan da nata kuɗin da nata takardun.

Baƙo da akwatin kayan aiki

Bahaushen da ya baro Kumasi ko Maraɗi ko Kano da sana'ar kafinta a hannu ya sauka a Bronx da ke birnin New York, inda 'yan'uwa suke da yawa, zai tarar jihar New York ba ta da lasisin gyaran gida nata. Na birni ne. Duk aikin da ya haura dala 200 sai da lasisin hukumar kare masu saye da ma'aikata ta birnin, kuma wanda aka kama ba shi da shi ana iya ƙwace motar aikinsa, ba zai kuma iya kai mai gida ƙara ba in an hana shi kuɗinsa. In ya ɗan matsa arewa ya shiga gundumar Westchester, wani lasisin ne dabam. In ya haye kogin Hudson zuwa New Jersey, wata doka ce kuma. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, hukuma uku.

Abin da ya fi kayar da irinsa ba jarrabawa ba ce, shaidar shekarun aiki ce. Wanda ya koyi sana'a a hannun maigidansa, ya yi shekara goma sha yana karɓar kuɗi a hannu, wa zai sa masa hannu a fom? Da yawa sai su ƙare suna aiki a ƙarƙashin mai lasisi, shi ya yanka farashi, su su yi gumi. Ko kuma su faɗa hannun masu ba da hayar lambar lasisi, abin da doka ta haramta, wanda kan jawo wa mai lambar da mai haya hukunci tare.

Kalifoniya ta ɗan sassauta ta ɓangare biyu. Dokar da Gwamna Jerry Brown ya sa wa hannu a 2014 ta ba hukumomin lasisi umarnin su karɓi lambar biyan haraji a madadin lambar da 'yan ƙasa da masu izinin aiki ke da ita, don haka rashin takardun zama ba ya hana mutum lasisin kwangila a jihar. Sannan iyakar ƙaramin aikin da marar lasisi zai iya yi, wadda ta tsaya a dala 500 tun ƙarshen shekarun 1990 alhali katako da fenti suna ta tashi, an ɗaga ta zuwa dala 1,000 daga 1 ga Janairun 2025. Kuɗin ya haɗa da kaya da ladan aiki, kuma da sharaɗi: aikin kada ya zama mai buƙatar izinin gini, mutumin kada ya ɗauki ko yaro ɗaya ya taya shi, ba a kuma yarda a yayyanka babban aiki ƙanana-ƙanana don a ratse ta ƙarƙashin iyakar ba. In zai yi talla, dole ya rubuta a jikin tallan cewa ba shi da lasisi.